Ƙwayar Gero da Tozon Barau

Duk wanda ya ci kasuwar Gaya a shekarun nan na bayan canjin kuɗi ya san Barau Mai Awo, mutumin Balan. Ba wai ya fi kowa tarin hatsi ba ne, a'a, hannunsa ne ya yi masa suna. Hannun Barau bai san shafe mudu ba. Ko ka ce masa, "Malam Barau, shafaffe nake so," zai ce maka to, ya cika, ya shafe tas, amma kafin ya juye maka sai ka ga hannun nan ya koma buhu da kansa, ya ɗebo, ya ɗora tozo. Matarsa Kulu takan ce ko ruwan alwala yake zubawa a buta sai ya yi ambaliya. Allah ya yi shi haka, abin da aka ce ya isa, a wurinsa saura kaɗan.

Yana da wani tsohon babur da ya saya a hannu, irin mai hayaƙin nan da ake garwaya masa fetur da baƙin mai. In za a tashe shi da safe sai ya yi ta tari kamar tsohon da ya shekara yana shan taba, har maƙwabta su ce, "Allah ya sawwaƙe." Shi ya sa aka sa masa suna Mai Tari. Gudunsa kuwa, an taɓa ganin jaki ya bi shi a baya har kasuwa bai yi gumi ba.

Amma Barau yana ƙaunar babur ɗin nan, kuma akwai dalili. A kansa yake ɗaukar mahaifiyarsa, Inna Baiwa.

Inna Baiwa tsohuwa ce mai zumunci a ƙafa. Daga Balan zuwa Kademi har Gafasa, ba a suna, ba a biki, ba a zaman makoki ba a ga ƙwaryarta ba. Shi kuwa Barau ɗan farinta ne, kun kuwa san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana magana a kansa sai ta ce "wancan", in rai ya yi fari ta ce "Mai Awo". Ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido da ido. In ta hau Mai Tari sai ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen baya, ko rigarsa ba ta taɓawa. Su tafi shiru, su dawo shiru. To wannan shirun shi ne duk hirar da Barau yake samu da uwarsa, kuma bai haɗa shi da komai ba.

Ana nan sai ga shekarar Udoji, ma'aikata suka sami ƙarin albashin da suka samu, babura suka cika hanya. Cikin waɗanda suka sayi sabo har da Badaru, malamin gona a wajen Ajingi, mazaunin Gafasa. Badaru ɗan Kawu Hamma ne, Kawu Hamma kuwa ƙanen Inna Baiwa ne ciki ɗaya. Ke nan shi da Barau taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Babur ɗin Badaru ja ne wur, da madubi biyu kamar kunnuwan zomo.

Ranar wani suna a Kademi, Mai Tari ya kai tsakiyar yashi ya yi tari ya mutu. Barau ya buga, ya buga, ya cire filogi ya hura ya mayar, shiru. Ga shi yana turi, gumi har gemu, ga Inna a baya da ƙwarya a ka tana takawa. Sai ga jan babur ya tsaya a gefensu.

"A'a! Ɗan mace, bawana!" in ji Badaru. "Yau kai ne ka goya babur ko shi ya goya ka? Gwaggo, wannan wace irin wahala ce? Hau nan, kafin wannan ya kai ki an yaye jaririn."

Inna ta hau. Barau yana tsaye yana kallo, har da dafa kafaɗar Badaru ta yi.

Tun daga ranar, in taro ya taso sai Inna ta aika Gafasa. Barau yana zaune a ƙofar gida, Mai Tari a gefensa a wanke a goge, sai jan babur ya zo ya ɗauke masa uwa a gaban idonsa. Badaru kuma ba ya wucewa sai ya danna ham ya ce, "A gaida mai jinya!" Abinci ya daina shiga Barau. Kulu ta ce ranar da ta tabbatar abin ya kai masa ko'ina ita ce ranar da aka zo aka gaya mata ya auna wa wata mata dawa a shafe.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Gaya, Badaru ya sake taɓo shi a gaban jama'a, Barau ya kasa haɗiyewa.

"Kai dai sabon fenti ne yake ruɗinka," ya ce. "Wallahi in na ga dama, Mai Tari sai ya ba ka hayaƙi ka sha."

"Hayaƙi kam yana bayarwa," in ji Badaru. "Sauro ma ya shaida."

Kawu Hamma yana wurin, shi kuwa tsoho ne mai son a yi abin dariya. Ya ɗaga sandarsa ya ce, "To ku daina cika mana kunne. Ga fako can a hanyar Ajingi, miƙaƙƙe daga kuka zuwa tsamiya. Ranar Lahadi ku gwada. Ba caca ba ce, ba ko kwabo a ciki. Wanda ya riga taɓa tsamiya, shi zai kai Yaya Baiwa bikin da za a yi a gidana, kuma shi ne direbanta daga nan gaba."

Da aka kai wa Inna labari sai ta taɓe baki ta ce, "Ni ina ruwana? Wanda zai kai ni kafin a kwashe waina, shi ne nawa."

Washegari Barau ya tura Mai Tari wurin Tukur Bakanike, wanda yake da rumfa a bayan tashar Gaya. Tukur ya yi koyon aiki a Kano, mutum ne mai magana a hankali kamar mai ba da magani. Ya wanke kafireta, ya sa sabon filogi, sannan ya buɗe murfin gefen inji ya nuna wa Barau wani ɗan faranti da aka ɗaure da kusoshi.

"Ka ga wannan? Shi yake gaya wa wuta lokacin da za ta tashi. Taimin ke nan. A cikin injin nan akwai fistin, yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. In ya kusa kaiwa sama sai wuta ta tashi ta buga shi ƙasa. Naka wutar makara take yi, sai ya wuce take zuwa, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa bayan an share makoki."

"To a hanzarta ta mana."

"Za a hanzarta ta. Ba ni ƙwayar gero."

Ma'auni ba ya rasa gero a aljihu. Tukur ya sassauta kusoshin, ya ɗora ƙwayar a bakin farantin, ya murɗa shi daidai faɗinta, ya ɗaure.

"Shi ke nan?" in ji Barau. "Ɗan wannan?"

"Shi ke nan. Ƙwayar gero, Malam Barau, kuma shafaffiya. Na san hannunka. In wuta ta yi gaggawa fiye da haka, za ta tari fistin bai ƙarasa hawa ba, ta..."

Daidai nan jan babur ya gifta ta bakin tasha da ham ɗinsa, Barau ya bi shi da harara har ya ɓace. Sauran maganar Tukur iska ce ta ji ta.

A hanyar komawa gida Mai Tari ya zama wani abu daban. Tarin ya tafi, murya ta washe, yana ba shi wuta yana amsawa. Barau ya wuce mai keke, ya wuce wani mai keken, hularsa ta kusa tashi. Ya isa Balan bakinsa har kunne.

To a nan ne fa halin ya motsa. Da la'asar yana zaune yana kallon babur, sai zuciya ta ce masa: ƙwayar gero guda ta yi wannan aiki, ina ga dawa? Tsakanin gero da dawa ai ba wata tazara. Tukur dai bakanike ne, su kuwa masu sana'a kullum sai sun rage wani abu don ka dawo.

"Kulu! Miƙo mini ƙwayar dawa."

"Guda?"

"Guda. Ki zaɓo mai ƙiba."

Ya buɗe murfi, ya sassauta, ya murɗa. Da ya taka kik, sai ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya make shi a ƙwauri. Barau ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana salati, hawaye a ido, amma yana dariya.

"Kin gani? Harbi yake yi! Dokin da ba ya harbi ai ba doki ba ne."

"Ni dai na ga ƙafa ta kumbura," in ji Kulu.

Bai tsaya nan ba. Ya cire salansa, wato bututun hayaƙi, wai kada ta riƙe wa inji numfashi. Ya cire matatar iska, wai ya sha iska ya ƙoshi. Har gidan maƙeri ya je yana tambaya ko za a iya ɗaura wa babur zugazugi ya riƙa hura masa iska ta dole, tunda haka ake yi wa wutar maƙera ta yi ƙarfi. Maƙerin ya ce za a iya, in ya sami wanda zai zauna a baya yana zuga. Barau ya bar wannan shawara, amma bai fito hannu rabbana ba, ya aro magagari. Don ya lura ramin da kusoshin farantin suke ciki ya ƙure, ba ya ƙara murɗuwa. Ya zauna ya goge ramin ya ƙara masa tsawo.

Ranar Lahadi da hantsi, ya gama shiri ke nan zai mayar da murfi, sai hannun nan ya tsaya. Shi kansa Barau daga baya ya rantse bai san lokacin da ya ce, "Kulu, akwai wake a kusa?" ba.

"Malam, Tukur fa gero ya ce."

"Na ba shi geronsa. Wannan tozo ne."

Da ya murɗa faɗin waken, bai ko tashe shi ya gwada ba, saboda ƙwaurin bai huce ba, kuma yana tattalin mai. Tura shi ya yi har fako, yana cewa kada inji ya gaji kafin aiki.

Fako ya cika. Mutanen Balan, mutanen Gafasa, masu dawowa daga gona, Fulani masu tallan nono, har mai tsire ya kafa tukubarsa. Matasa suka jeru gefe da gefe har zuwa tsamiya. Dattawa da mata kuwa, masu hankali ke nan, suka koma bayan masu tseren, suka shimfiɗa tabarmi a gindin kuka. Kawu Hamma da kansa ya tsara haka.

"Ku zauna nan baya," ya ce. "Nan ne tudun mun tsira. Mota ce take da ribas, babur ba ya baya."

Inna Baiwa, wadda ta ce ba ruwanta, tana kan tabarmar gaba da goronta a ƙulle.

Ka'idar ita ce a kashe inji, in Kawu ya jefa hularsa sama kowa ya tayar ya tafi. Badaru ya gyara madubi ya dubi Barau.

"Bawana, in na isa zan aiko maka da ruwa."

"Ka aiko wa kanka da haƙuri."

Hula ta tashi sama. Badaru ya taka sau ɗaya, jan babur ya fita kamar an saki kibiya. Barau ya taka. Kik ya dawo da wani irin harbi, injin ya yi atishawa, ya yi kamar zai mutu, sai kuma ya kama da wata ƙara da ba a taɓa ji ba a ƙasar Gaya. Ga shi ba salansa a jikinsa, ai sai jemagun kuka suka watse. Abin da Tukur ya so faɗa ke nan aka ƙi ji: wuta ta tari fistin a hanya ta kora shi inda ya fito, irin injin nan mai hayaƙi kuwa bai damu ba, ta ko'ina aka juya shi juyawa yake. Inji yana ta aiki, amma a juye.

Barau ina ya sani? Ya ji ƙara, zuciyarsa ta yi fari. Ya sa giya, ya kwanta a kan tanki, ya kafa wa tsamiya ido, ya murɗe totur har ƙarshe, ya saki kuloci.

Sai ya ga tsamiya tana ƙanƙancewa.

Jama'ar tudun mun tsira ba su tashi da wuri ba, don ido yana gani amma hankali ya ƙi yarda. Sai da Mai Tari ya taho musu da gindi, yana tafe yana wutsil-wutsil kamar ɗan maraƙin da ya tsinke, sannan aka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kawu Hamma, wanda ya shekara yana kukan gwiwa, aka gan shi a kan tushen kuka bai san yadda ya hau ba. Ƙoren nono suka yi sama. Mai tsire ya rungumi tukubarsa ya tuna da wuta ya sake ta. Shi kuwa Barau tsoro ya sa ya ƙanƙame hannun babur, ƙanƙamewar kuwa ƙarin wuta ce.

Ya gifta ta gefen tabarmar Inna, har gefen zanenta ya kaɗa. Karo na farko a rayuwarsu suka haɗa ido sosai, shi yana nisa da baya, ita tana zaune da goro a hannu. Tarbiyya ba ta barin mutum ko a ina. Aka ji Barau ya ce, "Sannu da hutawa, Inna!"

A bayan kukar akwai kududdufin da ake ɗibar ƙasar tubali, ruwan damina bai gama ƙafewa ba. Mai Tari ya hau gaɓa da baya, ya yi sama, ya faɗa ciki tsulum. Ƙara ta ɗauke. Hayaƙi da tururi suka tashi. Ba a ga Barau ba.

A cikin shirun nan sai wata murya ta tsaga fako.

"Barau! Wayyo Barau! Ku ciro mini Barau!"

Inna Baiwa ce, ta yar da goro, ta yar da mayafi, tana gudu zuwa gaɓa. Sai ga wani abu ya taso daga cikin taɓo, baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai idanu. Ruwan iyakarsa ƙugu. Ya tsaya cak yana kallonta, bai ko share fuska ba.

"Na'am, Inna," ya ce.

Inna ta ga yana tsaye da ƙafafunsa. Ta waiga ta ga duk fako ita ake kallo. Sai ta sunkuya ta ɗauki mayafinta, ta kaɗe shi a nutse, ta yafa.

"Yaya," in ji Kawu Hamma daga kan tushen kuka, "wa na ji kin kira?"

"Ni? Ban kira kowa ba. Kunnenka ne ya tsufa. Sauko daga nan, kana abin kunya."

Can sai ga Badaru ya dawo da ganyen tsamiya a hannu, yana ɗaga shi yana cewa, "Na ci! Na ci!" Ba wanda ya kalle shi. Ko matasan da aka jera a hanya don shaida duk sun baro wurinsu sun taho kududdufi. Da ya ga taubashinsa ana jawo shi da igiya shi da babur, sai da ya sauka ya zauna a ƙasa don dariya.

"An yi canjin hannun tuƙi mun gani," ya ce yana share hawaye. "Wannan kuma canjin me za a kira shi? Gwaggo, ki shirya, ranar biki da sassafe ina ƙofar gida."

Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi jan babur.

"Ashe haka abin nan naka yake gudu? Ina ƙiftawa na neme ka na rasa. A kan wannan kake ɗora ni?"

"Gwaggo, ai in kina kai lallaɓawa nake."

"Kana lallaɓawa, aljani yana ƙarƙashina yana jira. Ba da ni ba."

"Yaya, alkawari fa aka yi," in ji Kawu.

"Ku kuka yi abinku a ƙofar masallaci, ni ina wurin? Wancan dai," ta nuna Mai Tari da haɓa, ba ta kalli mai shi ba, "ko da ya haukace, hanyar gida ya nufa."

Aka duba kuwa, kududdufin yana ɓangaren Balan.

Sai da Tukur ya wuni yana fitar da taɓo daga cikin inji. Da ya ga aikin magagari a jikin farantin, sai ya ce, "Gero na ce." Barau ya ce ai da geron ya fara. Da aka zo saitin wuta, sai ga saƙo daga Inna a ƙulle a ƙyalle. Aka kwance, ƙwayar gero ce guda, ita ta zaɓe ta da hannunta, 'yar mitsitsiya kamar ta shekarar fari. An kuma ce a gaya wa Tukur, in yana aunawa Mai Awo ya tsaya a waje, hannayensa a baya. Sukudireban gidan kuwa Kulu ta jefa shi cikin rumbu, ta ce a neme shi in an cinye dawa.

Ranar biki Barau ya fito da Mai Tari ƙofar gida, an mayar da salansa, an goge shi yana ƙyalli. Ya tashi da bugu ɗaya, ya ɗan yi tari don kada a manta da shi. Inna ta fito da ƙwaryarta, ta zagaya babur ɗin tana dubawa. Maimakon ta zauna a karkace yadda ta saba, sai ta hau ta juya, fuskarta tana kallon baya, ta jingina bayanta da bayan ɗanta.

Kulu ta leƙo daga zaure. "Inna, ai kin juya."

"Na sani. In ya sake shawara a hanya, gara in ga inda za ni."

Barau ya ji nauyin bayanta a nasa, ya sa giya, ya saki kuloci a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Haka suka ratsa Balan suka kama hanyar Gafasa, shi yana kallon gabas, ita tana kallon yamma tana amsa gaisuwar duk wanda suka wuce. Sun sami waina da zafinta.